Hannun Kaka da Bai Miƙe Ba

Ranar da aka fara zaman makokin Kakata, jini ya zuba a matakalar gidanmu da ke unguwar Ammariyya a Jidda. Ba nata ba ne. Ita tana can asibiti cikin tallaja, firijin da ake ajiye gawa, tana jiran 'ya'yanta su gama faɗa a kanta. Jinin na Kawu Ƙarami ne. Daga leɓensa ya fito, ya ɗiɗɗiga a kan takalman matan da suka zo gaisuwa, har ya shiga cikin wani silifas ruwan hoda. Mai silifas ɗin ta zura ƙafarta a haka ta tafi gida. Na gani, amma ban iya faɗa mata ba.

Falonmu ƙarami ne, ranar kuwa ya cika har bakin kicin. Mata sun zo daga Balad, daga Bab Makka, wasu daga unguwannin da ban taɓa jin sunansu ba. Kowacce ta shigo sai ta ɗage niƙabi, ta rungume Ummana, ta ce Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe. Daga nan sai ta faɗi wadda Kaka ta wanke mata, domin wankan gawar mata shi ne aikin Kaka tun kafin a haifi Umma.

"Ita ta wanke uwata."

"Ita ta wanke 'yata, da tsohon cikinta."

"Ni kuwa marina ta taɓa yi," in ji wata mai haƙorin Makka. "Wallahi har yau in iskar mukayyif, abin sanyaya ɗakin nan, ta bugi kunnen nan sai na tuna ta."

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ana cikin haka wata tsohuwa da idonta ya yi fari ta aje kofin gahawarta, ta ce, "Wace maƙabarta aka kai ta?"

Umma ta sunkuyar da kai.

"Ba a kai ta ba tukuna, Hajiya," wata ta raɗa mata.

"Ba a kai ta ba?" Tsohuwar ta daki cinyarta. "Matar da ba ta taɓa barin gawar wani ta kwana ba, ita ce ke kwana a firij kamar kaza? Ina 'ya'yanta?"

'Ya'yanta suna matakala. A daidai lokacin muka ji ƙarar kan mutum ya bugi bango.

Ga abin da ya haɗa su. Kaka tana da 'ya'ya uku. Umma da Kawu Ƙarami a nan Jidda suka tashi, a gabanta. Kawu Babba kuwa, ɗanta na fari, ubansa daban ne, kuma tun yana ƙarami aka tafi da shi Kano. Can ya girma, ya yi aure, ya yi furfura. Da ciwon Kaka ya tsananta ya zo umara ya biyo ya duba ta, a gabansa ta cika. Ba a gama rufe mata ido ba ya ce Kano zai kai ta, ya binne ta inda zai riƙa ziyarta. Gawa kuwa ba ta hawa jirgi sai an yi mata abin da ake kira tahniɗ a nan, wato a zuƙe jininta a ɗura mata magani don kada ta ruɓe a hanya. Umma ta ce sai dai a haɗa da tata gawar. Asibiti suka ce ba za su saki kowa ba sai 'ya'ya sun yi magana da baki ɗaya. Shi ya sa aka zauna makokin matar da ba a binne ba.

Na rubuta wannan ne saboda kaburburan garin nan ba su da suna a kansu, mu mata kuma ba ma shiga maƙabarta. In ban ajiye ta a nan ba, ban san inda zan ajiye ta ba. Hausata ba ta kai tata ba, a makaranta da Larabci muke komai, amma ba zan iya tuna ta da wani harshe ba. In na ce mata Sitti, yadda ƙawayena ke kiran kakanninsu, sai ta harare ni.

"Sitti tana gidan su wane. Nan Kaka ce. Faɗa na ji, Bebiya."

Bebiya take kirana saboda ba na magana a gaban mutane.

Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. A Jidda aka haife ta, iyayenta sun zo aikin hajji a ƙasa ba su koma ba. Takan ce Kano a bakin mutane ta san ta. Hannunta na hagu ba ya miƙewa. Daga gwiwa ya lanƙwashe ya tsaya, kamar kullum tana riƙe da jariri da ba a gani. Ƙasa da gwiwar akwai wani ƙullutu na ƙashi, in za a yi ruwa ko an yi sanyi sai ta riƙa murza shi da babban yatsa. Na taɓa tambayarta me ya same shi. Ta ce, "Ƙarfe." Ba ta ƙara ba.

Ƙamshinta kafur ne. Yana cikin abayarta, yana cikin matashinta, har burodin da ta gutsura mini yana ɗan ɗauka. Tana da wata tsohuwar jaka ta fata da ke rataye bayan ƙofa, ciki akwai kafur, da dakakken ganyen magarya, da auduga, da sabulu, da 'yar kwalbar miski. In waya ta yi ƙara ta ji an ce wance ta rasu, ko loma ce a hannunta sai ta mayar kwano.

"Yalla, miƙo jakar. Tana jira tsirara."

A Bab Makka take sayen kafur, ni nake raka ta. Sai ta murje shi tsakanin yatsu, ta shinshina. Wata rana wani mai shago ya ba ta wanda aka cuɗa da wani farin gari. Ta ɗebi cikin hannu ta watsa masa a fuska, yana tari yana hawaye, mutane sun taru.

"Uwarka ma za ta zo hannuna," ta ce masa. "Da wannan kake so na sallame ta?"

Faɗanta ba na wasa ba ne. Ta taɓa jifan Kawu Ƙarami da murfin tukunya saboda ya yi hon da tasinsa a bayan motar gawa. Matar nan mai haƙorin Makka, laifinta ɗaya: ta tare Kaka a bakin magsala, ɗakin wankan gawa na masallaci, ta tambaye ta ko gaskiya ne akwai tabon duka a jikin wadda aka wanke. Kaka ta ɗauke ta da mari a gaban kowa. Abin da ta gani a jikin gawa ba ya fita bakinta. Takan ce mai rai yana iya jan zanensa ya rufe, matacce kuwa sai abin da ka rufa masa.

Amma in ta zo wanke mini kai, wannan hannu mai mari sai ya zama wani abu dabam. Da lanƙwasasshiyar gwiwar take gwada ɗumin ruwa. Ta tallafe ƙeyata, ta zuba a hankali daga dama, tana magana ƙasa-ƙasa: "Sannu, yanzu za mu juya. Sannu, an kusa." Sai da na girma na gane haka take yi wa matattu. Ta ce mini in gaɓa ta sandare, ana shafa ta da ruwan ɗumi ana lallashi. In ta miƙe, to. In ta ƙi, a bar ta yadda take. Ba a yi wa gawa ƙarfi.

Kuma ƙarfe ba ya zuwa kusa da gawarta. Ko almakashi ba ta ɗauka. Likkafani da haƙori take fara shi, ta ja da hannu ya tsage tsaf. In rigar mamaciya ta ƙi fita, sai ta bi ɗinkin da farce tana warwarewa, ko zai ɗauke ta rabin yini.

Shekarar da muka yi darasin Masarawan zamanin Fir'auna, na dawo gida na yi jifa da jakar makaranta. Kaka tana tsinke ganyen magarya a tire, ta ce, "Me aka yi miki?" Na zauna na ba ta labari, rabi Hausa rabi Larabci. Na ce in babban mutum ya mutu a wurinsu, sai su zura ƙugiya ta hancinsa su jawo ƙwaƙwalwar. Su tsaga gefen ciki, su kwashe hanji da hanta da huhu, su zuba a tuluna. Zuciya kawai suke bari. Sannan su binne gangar jikin cikin wani gishiri har ta bushe ƙayau, su shafe ta da ƙaro da mai, su naɗe da ƙyalle. Malamarmu ta ce gishirin nan ɗan'uwan kanwa ne.

Kaka ta tsaya da tsinka. "Kanwa? Wadda nake sa wa wake?"

Na ce ita.

"Kilishi suka yi da sarkinsu ke nan." Ta tofar da yawu gefe. "To, ya tashi?"

Na ce a'a, yana cikin gilashi, mutane suna zuwa kallo.

"Fuskarsa a buɗe?"

"A buɗe."

"Ya Sattar." Ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, kamar ita ake kallo.

Na ƙara mata da abin da malamar ta ce game da tahniɗin da ake yi yanzu: wai a wani yaƙi ne a ƙasar Turawa abin ya yaɗu, samari suna mutuwa nesa da gida, iyaye suna son a dawo musu da su, sai masu magani suka riƙa bin rundunar suna ɗura wa gawa ruwan magani ta jijiya. Kaka ta aje ganyen da ke hannunta. Can ta ce, "Uwar da ke son a dawo mata da ɗanta, ba na zaginta." Ta ci gaba da tsinkar ganye, da ƙarfi, har tsinke ya soke ta.

Ba a daɗe ba ta ga na yanzun da idonta. Akwai wata 'yar kasuwa daga Nijeriya da takan sauka a wani masauki a Balad, tana sarin abaya da turare, in ta zo sai ta kawo wa Kaka daddawa da kuka. Mota ta buge ta tana tsallaka titi da ƙunshin kaya a ka. Mijinta ya zo ya ce gida zai kai ta. Kaka ta same shi a ƙofar masaukin, ina biye da ita da jaka. Ta roƙe shi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce ga ƙasa nan, ga Makka kusa, mutane kuka suke su mutu a nan. Ya ce, "Hajiya, matata ce ko taki?" Sai ta miƙa hannun dama, ta danna babban yatsanta a gefen wuyansa, sama da ƙashin kafaɗa, har ya yi baya ya bugi ƙofa.

"Nan ne," ta ce. "Nan za su buɗe ta."

Ya ture ta. Ta faɗi a kan hannun hagun, na ji ƙarar haƙoranta. Ta tashi da kanta, ba ta bari na kama ta ba.

Ba ta ci nasara ba. Aka yi wa matar tahniɗ. Amma Kaka ta ce ko sun gama da ita, ita za ta sa mata likkafani. Ta tafi tare da ƙawarta, wadda muke kira Inna ta Sudan, Bahausar Sudan ce, tare suke aikin tun suna 'yan mata. Da ta dawo idanunta sun yi ja kamar an zuba barkono, hancinta yana zuba. Ta wanke hannu, ta sake wankewa, ta shafa kafur, ta sake wankewa. Umma ta kawo mata shinkafa da nama, ta ture tiren da ƙafa. Ba ta faɗi abin da ta gani ba. Sai dai ta kira Umma, ta kira ni, ta danna mana yatsa a wuya ɗaya bayan ɗaya. Yatsan yana da sanyi, yana warin wani abu mai yaji da kafur bai iya dannewa ba.

"In kuka bari aka yi mini, ban yafe ba."

Kawu Babba bai ji wannan da kunnensa ba. Abin da ya sani game da ita kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin mai ciwo. In ya bugo waya, ba ta karɓa. Sai ta sa Umma ta buɗe lasifika, ita kuma ta zauna a bakin gado ta juya baya, tana murza ƙullutun hannunta. In ya ce a ba shi ita, sai ta ce, "Ce masa ana lafiya." Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Na Kano" take cewa, ko "wancan". Akwai mai kantin ƙasan gidanmu da sunansu ɗaya, shekara da shekaru "mai shago" take ce masa, kuma shi kaɗai ne a duk Ammariyya ba ta taɓa yi wa tsawa ba. Ranar da Kawu Babba ya shigo ɗakinta tana kwance, ya durƙusa ya ce, "Inna, ga ni," sai ta juya fuskarta bango ta ce, "An zo lafiya?" Na ga yadda wuyansa ya ƙame. Na kuma ga abin da bai gani ba, domin ina tsaye ta wajen bangon: bakinta yana rawa, ta cije gefen matashi.

To, mu koma matakala. Kawu Babba ya hawo ne don ya karɓi iƙamar Kaka, katin shaidar zamanta a ƙasar, ya kai inda ake shirya takardun ɗaukar gawa. Kawu Ƙarami ya tare shi.

"Halas, ya akhi, halas! Ba inda za ta."

"Ni kake ce wa ya akhi? Ba a koya maka cewa Yaya ba?"

"Yayan da ya zo jiya zai ɗauke mana uwa a kargo? A aza ta a sikeli kamar katan ɗin dabino?"

Kawu Babba ya naushe shi a baki. Kawu Ƙarami ya cakumi wuyan jallabiyarsa ya buga kansa da bango, suka gangara tare a kan takalman mutane. Maƙwabta maza suka hawo suka riƙe ƙaramin. Babban ya fizge, ya shigo falon mata kai tsaye, ba sallama, hularsa ta faɗi, goshinsa ya kumbura. Mata suka yi ta jan mayafi.

"Ba ni iƙamarta," ya ce wa Umma.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ta ce ba ta yafe ba."

"Gawa ba ta jin zafi. Ba ni."

Ya kama wuyan hannunta ya murɗe. Umma ba ta yi ƙara ba. A kan tiren da ke gabanta akwai wuƙar da ake yanka lemo. Ta ɗauka da ɗaya hannun, ta cusa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai, ta jawo tsinin zuwa gefen wuyanta, daidai inda Kaka ta danna mana.

"Nan ne. Fara da ni ka ga yadda ake yi. In dai za a yanka ta, kada baƙo ya yi, kai da ta haifa ka yi."

Falon ya kaure da salati. Wata ta kifar da flas ɗin shayi. Na ga fatar wuyan Umma ta lotsa ƙarƙashin tsinin, wani ɗan ja ya fito kamar ƙwayar rumman. Kawu Babba yana ja baya, ita tana jawowa.

"Kun same ta!" Muryarsa ta fashe. "Kun same ta tun kuna tsumma. Ta yi muku wanka, ta yi muku faɗa, ta mare ku. Ni ko marin ban samu ba. Ta miƙa ni kamar ƙunshin kaya, ta juya. Na zo tana mutuwa ta ba ni ƙeya. Ko sunana ba ta sani ba! Gawar ma ba za ku bar mini ba? Ramin da zan tsaya a kai na ce nan uwata take, shi ma ya fi ƙarfina?"

Ba wadda ta motsa, sai Inna ta Sudan. Tana zaune a lungu tun safe. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta ratsa mata a hankali, ta ɗaga sandar da hannu biyu ta sauke masa a hannun hagu, ƙasa da gwiwa. Ƙarar ta yi kamar an fasa kwakwa. Ya saki Umma, wuƙar ta faɗi, ya dafe wurin ya durƙusa.

"Ka ji zafi?" ta ce. "Wannan itace ne, kuma tsohuwa ce ta buga. Ita da ƙarfe aka yi mata, ƙato ne ya buga. Nan daidai."

Ya ɗago yana kallonta.

"Ina wurin, ɗana. A bakin tashar jirgin ruwa. Ubanka ya sake ta, ya ce gida zai koma da ɗansa. Ta bi ku a ƙasa ba takalmi. Ta rungume ka da hannun nan, maza suna ja, kana ihu, ta ƙi saki. Ƙanin ubanka ya ɗauko ƙarfen da ake ɗaure kaya ya sauke mata. Na ji ƙashin. Ko a haka sai da suka ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Ni na kai ta wurin mai ɗori. Ya ce ta miƙe hannun ya ɗaure, ta ƙi. Ta ce a bar shi yadda ka bar shi."

Umma ta toshe bakinta. Ita ma ba ta sani ba.

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?" in ji Kawu Babba.

"Ta zagi ubanka a kunnenka? Ita da ba ta faɗin tabon jikin baƙuwa, nata za ta faɗa?" Inna ta buga sandar a ƙasa. "Sunanka kuma. Waɗannan 'yan Jidda in ba su gane ba, ba na ganin laifinsu. Kai da ka tashi a Kano? A gidanku can, wace uwa ka ji tana kiran sunan ɗan fari? Wace ce ke kallonsa ido cikin ido?"

"Na ɗauka ita 'yar nan ce," ya ce. "Na ɗauka ba ta san wannan ba."

"Ƙasar ce ba ta sani ba. Kunyar kuwa uwarta ta ɗauko ta a ka tun daga can, ta sauke mata. Shi ne kaɗai abin da take da shi na uwar ɗan fari, tunda ɗan babu. Tambayi yarinyar nan in ka bugo waya me take yi."

Duk suka juyo gare ni. Sai na lanƙwasa hannuna na hagu, na murza ƙasan gwiwar da babban yatsa, yadda take yi.

Inna ba ta ƙyale shi ba. Ta ce yau za ta karya dokar ƙawarta sau ɗaya, Allah ya yafe mata, ba za ta faɗi ko wace ce ba. Ta ce sun ga wuya a tsage an ɗinke da zare mai kauri kamar bakin buhu. An huda ciki da dogon bututun ƙarfe an zuƙe abin da ke ciki. Jiki ya yi tauri kamar roba, ruwan ɗumi ba ya ratsa shi, warin maganin yana fasa ido. Bayan likkafani kuma akwati ne da ake liƙewa ruf, kuncin mamaciya ba zai taɓa ƙasa ba sai an fasa.

"Mun yi mata magana, mun ce sannu, za mu juya. Kakar yarinyar nan ta ce mini, ba ta ji, sun kore ta daga jikinta." Inna ta nuna wuƙar da ke ƙasa da bakin sandarta. "Ƙarfe ya taɓa ta sau ɗaya saboda kai. Ka ƙara mata na biyu in ka ga dama. Kai ne babba."

Ya tashi, ya fita, bai ɗauki hularsa ba. Muka ji saukarsa a matakala a hankali, kamar mai lalube. Ranar bai dawo ba. Umma ta manna auduga a wuya, daga cikin audugar jakar Kaka.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi sallama. Hannunsa ya kumbura ya yi shuɗi. Kawu Ƙarami ya buɗe, leɓensa kamar an cusa goro, suka tsaya suna kallon juna.

"Ɗauko motarka," in ji Kawu Babba. "Mu je mu karɓo ta. Amma ni zan shiga ramin. Ni kaɗai."

"Ɗayyib," Kawu Ƙarami ya ce. Ya ɗan tsaya. "To, Yaya."

Umma da Inna ta Sudan suka wanke ta a magsala, da kafur ɗinta da magaryarta. Inna ba ta da haƙoran tsaga likkafani, Umma ce ta fara shi da nata. Da suka dawo ba wadda ta tambaye su komai, har mai haƙorin Makka. Umma ce ta ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Mun shafa masa ruwan ɗumi. Bai miƙe ba. Mun bar shi."

Aka yi mata salla bayan la'asar, maza suka tafi da ita. Muka zauna muna jiran ƙarar takalmansu.

Kawu Babba ne ya shigo ƙarshe. Farar jallabiyarsa ta yi ja da ƙasa tun daga gwiwa har ƙirji, har cikin aljihu. Ya zauna a bakin gadon Kaka, inda take zama in ya bugo waya.

"Da na kwantar da ita a damanta," ya ce, ba wanda yake kallo, "na kwance ƙullin kai, na sa kuncinta a ƙasa. Na zo zare hannuna, sai gwiwar nan ta maƙale ni ta cikin likkafani. Sai da na ce mata, Inna, sake ni."

Umma ta kawo masa wata rigar ya canza, ta miƙa hannu za ta ɗauki mai ƙasar ta kai wanki.

"Kada ki taɓa!"

Tsawar ta sa ta ja baya. Ya shimfiɗa jallabiyar a kan gado, ya naɗe ta daga gefe zuwa ciki, a hankali, yadda ko ƙwayar ƙasa ba za ta zube ba. Wadda ta zuba a zanin gado ya tattara da gefen hannu ya mayar. Na buɗe jakar Kaka na ɗauko masa ragowar farin ƙyallen likkafanin da aka tsaga, ya naɗe ta a ciki, ya ƙulla sama da ƙasa.

Jallabiyar ce ta hau jirgi zuwa Kano. Bai sa ta a kargo ba. Kawu Ƙarami da ya kai shi filin jirgi ya ce a hannu ya riƙe ta, a hannun hagun da bai gama saɓewa ba, ya lanƙwasa shi ya manna ta a ƙirji.

Allah, ta rufa asirin 'ya'yan mutane, ka rufa nata. Ka sa ƙasar ta yi mata ɗumi daidai yadda take gwada ruwa. Jakarta tana nan bayan ƙofa. In waya ta yi ƙara, har yanzu can nake fara dubawa.